Ɗan cacan da Koriya ke sayar mana, da wanda take ajiyewa a Sabuk

Ƙanena ne ya jawo wannan rubutu, bai ma sani ba. Wani daren Juma'a an ɗauke wuta, muna zaune a tsakar gida, ya jingina wayarsa da kofin shayi muna kallon wani tsohon fim ɗin Koriya mai dogon zango da ya turo a shagon bakin titi. All In sunansa. Aka zo wurin da jarumin ya tura duk abin da ke gabansa tsakiyar tebur, kyamara ta tsaya a kan yatsunsa, kiɗa ya yi ƙasa. Yaron nan ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Yaya, kin gani ko? Wannan ai ba caca ba ce, ƙwaƙwalwa ce." Na juya na dube shi. Shekararsa 19, kuma na san abin da ke cikin wayar nan ban da fina-finai.

Kada a ɗauka ni maƙiyiyar fina-finan Koriya ce. Tun zamanin Jumong nake ciki, lokacin da faifai ɗaya ke yawo gida-gida a unguwa har ya gaji ya fara tsalle. Na san abin da ya sa muke son su. Akwai kunya a ciki, akwai girmama na gaba, saurayi kan shafe kashi takwas bai riƙe hannun budurwa ba, suruka kuwa sai ka rantse daga bayan layinmu aka ɗauko ta. Wannan kamannin shi ya sa muke sakin jiki da su fiye da na Amurka, kuma a nan damuwata take. Akwai wani rukuni a cikinsu da ake dafa caca da 'yan daba da soyayya a tukunya ɗaya, kuma yana shayar da mai kallo ƙarya biyu cikin ruwan sanyi: wai caca sana'a ce da ake ƙwarewa a kai, wai kuma mace tagari tana iya tsamo ɗan caca da ƙaunarta. Ta farkon, Koriyar da ta shirya fina-finan ma ba ta yarda da ita ba, dokokinta ne shaida. Ta biyun kuwa ba sai na je Koriya neman shaida ba.

Tashar SBS ce ta nuna All In daga Janairu zuwa Afrilun 2003, kashi 24, kuma akwai dararen da fiye da gida 40 cikin kowane 100 shi suke kallo. Lee Byung-hun ya fito a Kim In-ha, maraya da ya tashi a hannun kawunsa ɗan caca, yana bin sa lungu-lungu yana taya shi maguɗi. Song Hye-kyo ce yarinyar da ya gani ya kasa mantawa. Daga nan sai kurkuku, sai aiki a gidan caca na tsibirin Jeju, sai Amurka da 'yan mafiya, sai babban tebur a Las Vegas. Marubucinsa, Choi Wan-kyu, yana cikin waɗanda suka rubuta Jumong ɗin da muka sha kuka a kai, kuma ya sake komawa kan wannan turmi a 2009 da Swallow the Sun, sannan a 2014 da Triangle. Kayan miyar ba su canja ba: yaro marar gata, baiwa a yatsu, mugun attajiri, da mace mai jira.

Masu kare fim ɗin za su ce ai ba ƙage ba ne, kuma suna da gaskiya rabi. An ɗora labarin a kan rayuwar Cha Min-su, wanda ake kira Jimmy Cha a Amurka, ƙwararre a wasan darar nan da Koriyawa ke kira baduk, wanda ya koma cin abinci da wasan karta na poka. Mutum ne na gaske, kuma ya ci kuɗi na gaske. Sai dai poka wasa ne da kake karawa da wasu mutane irinka, mai gida yana yankar ladansa kawai a kowane hannu. Duk inda aka samu Cha Min-su guda, kuɗin da ya kwasa daga aljihun waɗansu ya fito, kuma su ne ba a shirya wa fim. Sauran wasannin gidan caca kuwa da mai gida kake yi, shi kuma ba sa'a yake jira ba, lissafi ya riga ya gama masa aiki. Faifan rulet mai rami 37, in ka canki lamba daidai ninki 35 za a biya ka. Wannan 'yar tazarar ita ce kusan 3 cikin kowane 100 da aka zuba, kullum, har abada. A bakara, wasan da 'yan Asiya suka fi so, rabon mai gida ya ɗan haura 1 cikin 100. Naira ɗaya cikin ɗari ba ta da ban tsoro, sai ka tuna hannu nawa ake rabawa a awa guda, kuma tebur ba ya barci. Duk iya kallon ido da natsuwar da jarumi zai yi, ba za su ƙara rami ko rage rami a faifan nan ba.

Gwamnatin Koriya ta Kudu ta san wannan sarai. Sashe na 246 na dokar laifuffukanta ya haramta caca, tarar da ta kai won miliyan 10 a kuɗin ƙasar, wanda ya mayar da ita ɗabi'a kuma yana iya shan ɗaurin shekara uku. An bar ƙofa ga abin da dokar ta kira nishaɗi na ɗan lokaci, shi ya sa iyali kan baje bargo ranar bikin Chuseok su buga hwatu, ƙananan kartan nan 48 masu zanen furannin watanni goma sha biyu, a kan 'yan sulalla, ba wanda zai kama su. Akwai kuma cacar da gwamnati ta ba lasisi, irin su sukuwar dawaki da tikitin Lotto da aka fara a Disambar 2002. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dokar tana bin ɗan ƙasa duk inda ya je. In Bakoriye ya hau jirgi ya tafi Makau ko Filifin ya zauna a tebur, yana dawowa ana iya gurfanar da shi. An yi wa mawaƙi kuma mai gabatar da shirye-shirye Shin Jung-hwan haka, ya yi cacarsa a Cebu, kotu ta ɗaure shi wata takwas a 2011. Wato abin da Kim In-ha ya yi a Las Vegas mai kallo yana tafi, in ɗan ƙasar ne ya mayar da shi sana'a a zahiri, ɗan sanda ne zai tarbe shi a filin jirgi.

Gidajen caca kuwa suna nan fiye da goma sha biyar a ƙasar, takwas a Jeju kaɗai, kuma in ban da guda ɗaya dukkansu na baƙi ne. Sai ka nuna fasfon wata ƙasa za a bar ka ka shiga. Ɗan ƙasa yana iya raba karta a ciki a matsayin ma'aikaci, kamar yadda jaruman fim ke yi, amma ba zai zauna ya buga ba. Guda ɗaya tak aka yarje masa, Kangwon Land, kuma ba a Seoul aka gina shi ba. Can cikin duwatsun lardin Gangwon aka kai shi, a gundumar Jeongseon, kusa da wani gari da ake kira Sabuk.

Sabuk garin masu haƙar kwal ne. A Afrilun 1980 leburorin ma'adinan suka yi wani bore da har yau ake tunawa da shi. Daga ƙarshen shekarun 1980 gwamnati ta fara rufe ramukan kwal ɗaya bayan ɗaya, mutane suka watse, gari ya mutu a tsaye. Domin a farfaɗo da yankin aka yi doka ta musamman a 1995, aka buɗe gidan cacar a Oktoban 2000, kuma fiye da rabin hannun jarinsa na hukumomin gwamnati ne. Ku dubi sharuɗɗan da mai gidan da kansa ya gindaya. Ba a barin mutum ya shiga fiye da kwana 15 a wata. Mazauna yankin kuwa, waɗanda aka ce don su aka gina shi, sau ɗaya a wata aka yarda su leƙa. Mai tuwo da ya hana 'ya'yansa cin tuwonsa sai sau ɗaya a wata ya gaya maka duk abin da kake buƙatar sani game da tuwon. Duk da wannan shinge, titin da ya hau zuwa gidan cike yake da shagunan jingina, masu karɓar agogo da zobe da mota. Motocin da masu su suka kasa fansa suna nan jere ƙura ta rufe su. Akwai mutanen da suka zo da niyyar kwana biyu, suka ƙare ba kuɗin motar komawa, ko kuma ba idon da za su kalli iyali da shi, suka zauna a garin suna kwana a ɗakunan haya masu arha da gidajen wanka, suna yi wa masu kuɗi 'yan aike-aike a cikin gidan cacar don su samu abin sake gwadawa. Triangle a wannan gari aka kafa labarinsa, jarumar ma 'yar mai haƙar kwal ce da ta zama mai raba karta. Amma kyamara ta bi yaron da zai haye, ta bar waɗannan a bayan fage kamar bishiyoyi.

Wani abin dariya, tashoshin talabijin na Koriya sukan dusashe hoton wuƙa in an zare ta a faɗa, don kada a lalata tarbiyyar yara. Yatsun ɗan caca kuwa a kan karta, su ake haska wa fitila a rage gudun hoto.

Ƙarya ta biyu ta fi ci mini rai, wataƙila don mace ce ni. A irin waɗannan fina-finai aikin jaruma jira ne. Yana kurkuku tana jira, ya tsallaka teku tana jira, an ce ya mutu tana jira. Ita ce tsarkin da yake komawa gare shi in ya gaji da datti, kuma labarin yana nuna cewa duk abin da ya yi, don ita ya yi. Ban taɓa ganin kashin da aka nuna ta tana buɗe akwati ta tarar ɗan kunnenta ba ya nan ba.

Ni na ga wannan kashin, a gidan 'yar gwaggona. Mijinta mutum ne mai fara'a, ba ya shaye-shaye, ba ya ɗaga mata murya. Cacar ƙwallo kawai. Da farko kuɗin cefane ne ke raguwa, ya ce kasuwa ce. Sai kuɗin adashinta da ta ba shi ajiya. Sai keken ɗinkinta, wai ya kai gyara, gyaran da har yau ba a gama ba. Ɗan caca na gaske ba ya sa kwat ya zauna ƙarƙashin fitila. Yana kwance ne a katifa ƙarfe biyun dare, hasken waya a fuskarsa, yana jiran sakamakon wasan wata ƙasa da bai san inda take a taswira ba, da safe kuma ya tashi ya ƙirƙiro sabuwar ƙarya. Ƙaryar ce ke kashe aure kafin talaucin ya iso. Da na ce mata ta kai maganar gaban manya, ta ce, "Yaya, in na tona masa asiri wa zai riƙe shi? Ni kaɗai yake jin maganata." Ba na cewa fim ne ya sa mata wannan tunani, mu ma muna da namu "ki yi haƙuri" tun kafin a ƙera talabijin. Amma tana cikin masu kallon nan na sahun gaba, kuma abin da fim ya yi shi ne ya ɗauki haƙurin da ke cinye ta ya sa masa kiɗan piyano da dusar ƙanƙara. A Koriya akwai layin waya na musamman, 1336, na masu fama da jarabar caca da iyalansu, domin sun ɗauke ta ciwo mai buƙatar magani. Ba a buɗe layin don soyayya ta wadatar ba.

Zalunci ne in ce duk haka suke. Tazza, wanda ya fara a littafin zane na Huh Young-man, ya zama fim a 2006 sannan SBS ta mayar da shi mai dogon zango a 2008, ya fi gaskiya ta wani gefe. Kalmar tazza kanta tana nufin gwanin da ya iya murɗa karta, kuma labarin bai ɓoye cewa gwanintar maguɗi ce ba. Ba mai ci da sa'a. Akwai masu shirya tebur, akwai kuma wanda aka shirya teburin dominsa, wanda suke kira hogu, wato wawan da za a yanka. A fim ɗin 2006 jarumin da kansa hogu ne da farko, ya zubar da tarin guminsa ya haɗa da kuɗin sakin auren yayarsa. Big Bet na Disney+, da ya fito a Disambar 2022, Choi Min-sik yana sarkin caca a Filifin, ya ƙara buɗe cikin. Akwai inda aka nuna dalla-dalla yadda ake kiwon wani mai masana'anta: a yi abota da shi, a buga golf tare, a hana shi wasa da baki ana tura shi da hannu, a bar shi ya ɗanɗana ci, sannan a fara ba shi bashi. Duk wanda ya taɓa ganin saƙon "kyautar maraba" daga kamfanin caca a wayarsa ya san wannan kiwo.

Sai Squid Game, wanda Netflix ta saki a Satumbar 2021. A ganina abin da ya ba shi ƙarfi shi ne marubucinsa, Hwang Dong-hyuk, ya cire mace mai jira daga labarin. Matar jarumin, Seong Gi-hun, ta riga ta tafi da 'yarsu. Wadda ta rage ita ce tsohuwarsa mai ciwon suga, kuma a kashin farko katin bankinta ya sace ya tafi cacar dawaki. Ba baiwa a yatsunsa, ba kwarjini. Masu ba da bashi da ruwa sun tsare shi a banɗaki sun sa ya dangwala hannu a takardar sallama sassan jikinsa. Hwang ya rubuta labarin tun wajen 2008, shi ma bashi na wuyansa, kuma ya fito da shi a lokacin da bashin da ke kan magidantan Koriya ya yi kusan daidai da duk abin da tattalin arzikin ƙasar ke samarwa a shekara. Wurin da ya fi tsaya mini a rai ba wurin harbi ba ne. Bayan wasan farko na gasar neman kuɗi da ake harbe duk wanda ya faɗi, mutum 201 suka tsira cikin 456, suka kaɗa ƙuri'a aka sallame su gida, sun ga gawa da idonsu, amma 187 suka dawo da ƙafarsu. Wanda ya rubuta wannan ya san ɗan caca.

Kuma ku dubi wanda ke bayan baƙin abin rufe fuska yana tafiyar da wasan: Lee Byung-hun ne, Kim In-ha na 2003. Shekara 18 tsakani, yaron da ya koya wa ƙasa guda cewa ana iya cin tebur ya dawo a matsayin mai teburin. Ko da gangan aka yi ko dace ne, ban ga sharhin da ya kai wannan ba.

Duk da haka ba na yaudarar kaina cewa fim mai gaskiya yana warkarwa. Mutum fiye da 400 suka hallaka, ɗaya ya fita da won biliyan 45.6, kuma kowane mai kallo a zuciyarsa shi ne ɗayan. Ba a jima ba aka mayar da labarin gasar talabijin ta gaske a 2023, mutum 456 suna neman dala miliyan 4.56, har na'urorin caca masu ɗauke da sunansa aka ƙera da lasisi. Kasuwa ta haɗiye wa'azin ta sayar da kwanon.

Shi ya sa ba na cikin masu cewa a hana kallo. Ba zai yiwu ba ma, fim ɗin da ke shiga waya da naira hamsin wa zai tare shi? A Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, na kuma ji daɗi, amma shagon da ya fi kowanne ciniki yana aljihun yaranmu, ba shi da ƙofar da za a sa wa kwaɗo. Hukuncin caca kuwa ba wanda bai san shi ba, yaron da ya je Islamiyya ya karanta shi a Baƙara da Ma'ida. Ƙanena bai musa haramcin ba. Abin da ya yi shi ne ya cire abin da yake yi daga sunan caca ya kira shi ƙwaƙwalwa, kuma fim ya ba shi fuskar da zai liƙa wa wannan suna. Ina da ƙorafi a kan wasu masu fassara fina-finan nan da Hausa ma, waɗanda in jarumi ya zauna a tebur sai su ɓarke da kirari, su ƙara masa gishirin da ko Koriyawan ba su sa ba.

A daren nan ban yi masa wa'azi ba. Na ce ya nuna mini tikitinsa na ƙarshe. Ya yi jim, sannan ya buɗe. Wasa goma ya haɗa, tara sun shigo, ɗaya ya yanke. "Kin gani, Yaya, saura ƙiris." Na ce to mu ɗauka kai gwani ne na gaske, kowane wasa kana canka daidai sau bakwai cikin goma. Na karɓi wayar na buɗe kalkuleta, na ninka 0.7 sau goma a gabansa. Bai kai 3 cikin 100 ba. Ya karɓa ya sake bugawa da kansa, ya samu abin da na samu, ya ce ai lissafi daban, ƙwallo daban. Na ba shi labarin Sabuk, ya nemo hotunan garin ya daɗe yana kallon motocin nan, bai ce komai ba, sai can ya tambaye ni ko mu ci gaba da kashi na sha uku. Muka ci gaba.

Washegari da safe ya leƙo ɗakina, wai in taimaka masa da ɗari biyar data ta ƙare. Na ce ya karanto lambar, na saya masa da kaina.